Takardar mallakar ƙirƙira: Me ya haɗa ta da gonakin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

An daɗe ana noman auduga a kudancin jihar Katsina, musamman a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da maƙwabtansu irin su Funtuwa da Bakori da Malumfashi. A tsawon wannan lokaci, manoma sun saba samun guryar shuka kyauta ko kuma da ɗan kuɗi kaɗan.

To sai dai a shekarar 2018 Najeriya ta amince a fara sayar da wani sabon irin auduga da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wanda ke ɗauke da fasahar da wani kamfani ya yi wa rajista a matsayin mallakarsa. Daga baya aka biyo da wake da masara.

Wannan ya sa batun da a da ake ganin na lauyoyi ne da manyan kamfanoni ya shigo rumbun manomi: shin wanda ya sayi iri yana da ikon ajiye wani abu daga girbinsa domin shukar baɗi?

Mece ce takardar mallakar ƙirƙira?

Takarda ce da gwamnati ke bai wa wanda ya ƙago wani sabon abu, ko wata sabuwar hanyar yin abu. Tana ba shi ikon hana wasu ƙera abin ko sayar da shi ko shigo da shi ƙasar ba da izininsa ba, na tsawon wani wa'adi. Shi kuma a nasa ɓangaren tilas ne ya bayyana wa duniya sirrin ƙirƙirar a rubuce, ta yadda idan wa'adin ya cika kowa zai iya amfani da ita.

Tsarin ya samo asali ne daga wata doka da birnin Venice na Italiya ya kafa a shekarar 1474. A Najeriya, dokar da ke aiki ita ce ta shekarar 1970, wadda ta ba da wa'adin shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata. Dokar ta gindaya sharuɗɗa uku: abin ya kasance sabo, ya kasance an yi amfani da basira wajen ƙago shi, kuma ana iya amfani da shi a masana'antu ko aikin gona.

Ikon takardar bai wuce iyakar ƙasar da ta ba da ita ba. Takardar da aka samu a Amurka ba ta da ƙarfi a Katsina, sai idan an yi mata rajista a ofishin da ke kula da wannan aiki a Abuja.

Bambancin wayar salula da ƙwayar iri

Manomin Faskari ya daɗe yana biyan kuɗin irin waɗannan takardu ba tare da ya sani ba. Wayar salular da ke aljihunsa cike take da su.

Saƙon da yake aikawa ta intanet yana bi ne ta cikin zaren gilashi mai ɗaukar bayanai ta hanyar haske. Masana uku na kamfanin Corning na Amurka, wato Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz, su ne suka fara ƙera zaren da haske ke tafiya mai nisa a cikinsa ba tare da ya dushe ba, a shekarar 1970. Wa'adin takardunsu na farko ya cika tuntuni, kuma a yau kamfanoni da dama ne ke ƙera zaren.

Haka kuma ƙwaƙwalwar mafi yawan wayoyin an gina ta ne bisa tsarin kamfanin Arm da ke Cambridge a Ingila, wanda ke sa na'ura ta yi aiki da sauri ba tare da cinye batir ba. Kamfanin na sayar da lasisin amfani da tsarin, sannan ya karɓi ɗan kaso a kan kowace ƙwaƙwalwa da aka ƙera.

Duk waɗannan kuɗaɗe suna cikin farashin wayar. Da zarar mutum ya biya, wayar ta zama tasa, ya ga dama ya sayar ko ya kyautar.

Amma waya ba ta haihuwar waya. Ƙwayar iri kuwa, idan aka binne ta a ƙasa, takan ba da ɗaruruwan irinta, kuma kowace tana ɗauke da ƙirƙirar da ke cikin uwar. Daga nan ne takaddamar ta taso.

A shekarar 1980 kotun ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke hukuncin cewa ana iya ba da takardar mallaka a kan abu mai rai idan ɗan Adam ne ya sauya shi. Shari'ar ta shafi wata ƙwayar bakteriya mai cin ɗanyen mai da Ananda Chakrabarty ya samar. A shekarar 2013 kuma kotun ta yanke hukunci a kan wani manomin jihar Indiana, Vernon Bowman, wanda ya sayi waken suya a kasuwar hatsi ya shuka. Kotun ta ce sake shuka irin tamkar ƙera sabon kwafi ne, don haka ya keta haƙƙin kamfanin Monsanto.

Yadda aka saba a da

Tarihin ingantaccen irin auduga a wannan yanki ya kai kimanin shekara ɗari. A shekarar 1912 Turawan mulkin mallaka suka shigo da wani iri daga Amurka mai suna Allen, saboda silinsa ya fi na audugar gida tsawo kuma ya fi dacewa da masaƙun Ingila.

Cikin shekarun 1920 aka kafa gonar yawaita irin auduga a Daudawa, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Faskari. Masana a Samaru kusa da Zariya ke zaɓo iri, a yawaita shi a Daudawa, sannan ya bazu zuwa sauran ƙasar.

Manomi kan kai audugarsa fuloti ya sayar, a kai ta injin gurza, daga baya a dawo da guryar a raba ta hannun hakimai da dagatai ba tare da biyan ko sisi ba. Ba don tausayi aka yi haka ba: masu saye na son auduga mai inganci iri ɗaya. Tsarin ya fara rushewa ne bayan da gwamnatin soja ta soke hukumomin cinikin amfanin gona a shekarar 1986, lamarin da ya sa iri ya gauraye, inganci ya faɗi.

Me ke cikin sabuwar audugar?

Babban abokin gabar auduga shi ne tsutsar da ke huda ƙwallonta kafin ya buɗe. Masana sun ɗauko ƙwayoyin halitta biyu daga wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt, suka dasa su cikin audugar. Hakan ya sa shukar kanta ke samar da sinadarin da ke kashe tsutsar idan ta ci. Kamfanin Monsanto, wanda Bayer na Jamus ya saye a shekarar 2018, shi ne ya ƙago fasahar mai suna Bollgard II.

Hukumar kula da lafiyar fasahar halittu ta Najeriya, wadda aka kafa a 2015, ta ba da izini a 2016. A watan Yulin 2018 aka yi rajistar nau'i biyu da kamfanin Mahyco na Indiya ya samar tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

Jami'an da suka gabatar da irin sun ce yana iya ba da tan 4.1 zuwa 4.4 a kowace hekta, alhali irin da aka saba da shi na ba da kilo 600 zuwa 900. Sai dai samun irin wannan yabanya ya dogara ne ga taki da ruwan sama da shuka a kan lokaci. Kuma sinadarin ba ya kashe ƙwari masu tsotsar ganye, don haka feshi raguwa yake yi, ba ƙarewa ba.

Me dokar Najeriya ta ce?

Dokar 1970 ta hana ba da takardar mallakar ƙirƙira a kan nau'in tsiro ko dabba. Amma yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta 1995, wadda Najeriya ke ciki, ta buƙaci ƙasashe su kare haƙƙin masu samar da sabbin nau'in tsirrai ta wata hanya.

Saboda haka a shekarar 2021 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kare sabbin nau'in tsirrai. Dokar ta bai wa mai samar da iri wa'adin shekara 20, ko 25 idan bishiya ce. Ba ta hana mutum amfani da iri don buƙatar kansa ba, amma yawaita irin da aka yi wa rajista domin sayarwa na buƙatar izinin mai shi.

Masu goyon bayan dokar na cewa babu kamfanin da zai kashe shekara goma yana bincike idan kowa zai kwashi sakamakon a banza, kuma masanan Samaru ma za su amfana. Masu adawa, ciki har da ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey, na ganin za ta takura wa al'adar musayar iri tsakanin manoma da sayar da shi a kasuwannin ƙauye. A shekarar 2024 majalisar wakilai ta yanke shawarar binciken yadda ake shigo da amfanin gonar da aka sauya wa halitta.

To sai dai abin da ya fi ɗaure manomin auduga ba doka ba ce. Nau'o'in nan biyu iri ne mai aure, wato an haɗa iyaye biyu daban aka samo su. Idan aka sake shuka guryarsu, 'ya'yan kan fito barkatai, yabanya ta ragu. Ko da babu takarda ko ɗaya, dole manomi ya koma wurin dillali kowace damina.

Wake da masara

Labarin wake ya sha bamban. A watan Disambar 2019 aka saki nau'in SAMPEA 20-T, mai jure wa tsutsar da ke cinye fure da kwanson wake. Farfesa Mohammad Ishiyaku na Samaru ne ya jagoranci aikin, tare da masana daga Ostireliya.

Ƙwayar halittar da ke cikinsa ita ma ta Monsanto ce, amma kamfanin ya ba da ita ba tare da karɓar kuɗin haƙƙi ba, ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi. Masu binciken sun ce manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas zai iya komawa sau biyu. Kuma da yake furen wake kansa yake yi wa barbara, irin da aka ajiye kan fito kamar uwarsa.

Masarar TELA da aka saki a watan Janairun 2024 tana tsakiya. An ba da fasaharta ba tare da kuɗin haƙƙi ba, amma iri ce mai aure, don haka sai an saya duk shekara.

Ke nan amfanin gona uku masu tushe guda, amma matsayin manomi a kowanne daban ne.

Darasi daga Indiya da Burkina Faso

Indiya ta fara noman audugar Bt a shekarar 2002, har ta mamaye sama da kashi 90 cikin ɗari na gonakin audugar ƙasar. Da koke ya yi yawa kan tsada, a 2016 gwamnati ta fara ƙayyade farashin irin, ta zabtare kason kamfanin, sannan a 2020 ta soke shi baki ɗaya. Kafin nan wani nau'in tsutsa ya riga ya saba da sinadarin a wasu jihohin ƙasar.

Burkina Faso kuwa ta fara ne a 2008, ta janye a 2016. Dalili shi ne silin audugar ya gajarta, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, har kamfanonin audugar ƙasar suka nemi diyyar kimanin sefa biliyan 48.

Akwai kuma masu fargabar a wayi gari wani ya yi rajistar ilimin gargajiya. Hakan ta taɓa faruwa da darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro. A 1994 ofishin Turai ya bai wa kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka takarda a kan maganin cutar shuka da aka haɗa daga manta. An soke takardar a shekarar 2000, aka kuma tabbatar da sokewar a 2005, bayan an nuna cewa manoman Indiya sun daɗe da sanin wannan amfani. Abin da aka riga aka sani ba ya zama sabo, amma sai da aka kawo shaida.

Lissafin manomi

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na cikin yankunan da hare-haren 'yan bindiga suka fi shafa. A Ƙanƙara ne aka sace ɗalibai sama da 300 a watan Disambar 2020, kuma manoma da dama sun bar gonakinsu na nesa da gari.

A irin wannan yanayi, iri mai tsada kasada ce. Wanda ya shuka abin da ya ajiye a rumbu, idan bai samu zuwa girbi ba, ya yi asarar wahalarsa. Wanda ya ci bashi ya sayi iri da taki kuwa, ya yi asarar wahala ga kuma bashi a wuya. A gefe guda, irin da ke rage feshi yana rage yawan zuwa gona da kuma kuɗin magani.

Takardar mallaka dai ba ta dawwama. Da wa'adin takardar waken suyan Monsanto ya cika a Amurka a shekarar 2015, Jami'ar Arkansas ta riga ta shirya nata nau'in mai ɗauke da fasahar, wanda manoma ke iya ajiyewa su sake shukawa ba tare da biyan kowa ba.

Cikar wa'adi kaɗai ba ta kawo irin wannan sauƙi, sai an samu cibiyar da za ta ɗauki fasahar ta sa cikin irin da ba mai aure ba, sannan a yawaita shi a kai wa manoma. A ƙasar Hausa, Samaru da Daudawa ne suka yi wannan aiki a ƙarnin da ya gabata.