Sayen Waya Mai Araha Ta Intanet: A Yi Hattara Da Cinikin Biri A Sama

Waɗanda suka ɗan manyanta a cikinmu za su tuna zamanin da in mutum yana so ya ji muryar ɗansa da ke Ikko, sai ya tafi ofishin NITEL ya bi layi, ko kuwa ya rubuta wasiƙa ya damƙa wa direban mota. Kafin shekarar 2001, layukan tarho da ke aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agusta na shekarar ne kamfanonin Econet da MTN suka soma aikin wayar hannu. Yau ga shi waya ta zama kamar fartanya a hannun manomi: da ita ake aika kuɗi, da ita ake jin farashin hatsi, ɗalibi kuma ba ya samun yin rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar waya. Saboda haka duk wanda ya tara ɗan abin da ya tara don sayen waya, ba almubazzaranci ya yi ba. Abin dubawa shi ne inda zai kai kuɗin, da kuma abin da zai yi in kaya suka ƙi zuwa.

Abin da ya same ni

Bari in fara da kaina, domin wanda ya taka ƙaya shi ya san zafinta. Ni da ƙannena biyu muka haɗa kuɗi don mu saya wa mahaifiyarmu babbar waya, ta riƙa ganin fuskar jikokinta daga ƙauye. A ƙarshen watan Nuwamba na ga wani shago na intanet, wanda ba zan kama sunansa ba, ya yi ragi mai yawa. Na biya nan take da katin banki, aka rubuto mini cewa kaya za su iso cikin kwana 5, ni kuwa na yi gaggawar sanar da tsohuwa cewa kafin Kirsimeti waya tana hannunta.

Kwana 5 suka wuce, 10 suka wuce, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na buga wa masu sauraron koke-koken shagon, wata yarinya mai ladabi ta ce kaya suna hanya. Bayan kwana uku na sake bugawa, wani saurayi ya ce ai kayan ba su bar Ikko ba tukuna. Na uku da na samu ya ce in sake ba shi labari daga farko, gama bai ga alamar na taɓa kira ba. Ranar da na je gida, tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ɗana, wayar nan a ƙafa take tahowa ne?" Na ce, "Inna, ki ƙara haƙuri." Kunya ta rufe ni, domin kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai.

Sai da na zauna na rubuta musu takarda da lambar oda, da ranar biya, da ranar da suka yi alkawari, na kuma ce ko kaya ko kuɗina, sa'an nan aka kira ni. Waya ta iso bayan kwana 29, an riga an ci Kirsimeti an share wuri. Da na buɗe kuma na tarar da wani kuskure wanda nawa ne, ba nasu ba, zan kuwa zo kansa a gaba.

Dalilin da ya sa ake rububin araha

Kusan duk wayar da ke hannunmu daga waje ake shigo da ita, da dala kuma ake sayo ta. A farkon shekarar 2023, dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na shekarar, ta yi ta faɗuwa har dala ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Farashin waya ya bi sawu. Wannan ne ya sa da mutum ya ga an rubuta ragi, sai zuciyarsa ta riga hankalinsa isa wurin.

Wayoyin da talaka ya fi saye, watau Tecno da Itel da Infinix, duka na kamfani ɗaya ne mai suna Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Kamfanin ya sami karɓuwa a Afirka ne saboda ya lura da bukatunmu: gurbin sim biyu, da batir mai daɗewa saboda rashin wutar lantarki. Akwai kuma ƙananan wayoyin Samsung da Redmi da sauransu. Samun kaya ba shi ne wuya ba. Sanin hannun da za a karɓa daga gare shi, nan gizo ke saƙa.

Shago ne ko kasuwa?

Manyan shagunan intanet na ƙasar nan, irin su Jumia da Konga, a shekarar 2012 aka kafa su a Ikko. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, irin waɗannan wurare sun fi kama da kasuwa bisa ga kanti guda. Wasu kayan na masu kasuwar ne, wasu kuwa na 'yan kasuwa dabam dabam ne da suka kama rumfa a ciki. Saboda haka waya iri ɗaya tana iya fitowa da farashi uku daga hannun mutum uku. A ƙarƙashin hoton kaya akan rubuta sunan mai sayarwa, da yawan waɗanda suka saya a wurinsa, da abin da suka faɗa a kansa. Wanda ya tsallake wannan wuri ya tafi kai tsaye ga farashi, ya yi cinikin biri a sama.

Akwai kuma wuraren da talla kawai suke ɗauka, kamar Jiji, da masu baza hotunan waya a Facebook da WhatsApp. A nan ciniki tsakaninka ne da mai kaya, ba wanda ya riƙe maka kuɗi a tsakani. Ƙa'ida ɗaya ce: kada ka tura ko kwabo sai ka ga kaya da idonka, a wurin da jama'a suke, da rana tsaka.

Me ke kawo jinkiri?

Na farko, nisa. Yawancin rumbunan ajiyar kaya suna Ikko, daga can zuwa Kano ko Jos kuwa tafiyar kilomita 1,000 ce ko kusa da haka, Yola da Maiduguri sun fi haka nisa. Ba a tayar da mota saboda waya guda. Sai an tara kaya, a sauke a babban gari, a sake rarrabawa. In hanya ta yanke, kamar yadda ambaliyar ruwa ta datse hanyar Lakwaja zuwa Abuja wajen Koton Karfe a watan Oktoban 2022, kome sai ya tsaya cik.

Na biyu, wani mai sayarwa ba shi da kayan a hannu sa'ad da ya sa talla. Sai an biya yake tafiya nema. Wasu kayan ma an rubuta a jikinsu da ƙananan baƙaƙe cewa daga ƙasar waje za a aiko su, waɗannan kuwa makonni suke ɗauka. Na uku, lokaci: daga bonanzar watan Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba oda takan yi yawa fiye da ƙarfin ma'aikata. Na huɗu, adireshi. Unguwanninmu da yawa ba su da sunan titi ko lambar gida, mai kawo kaya kuma in ya kira sau biyu ko uku bai same ka ba, sai ya mayar. Ga wanda ke ƙauye, ya fi sauƙi ya zaɓi ofishin karɓar kaya da ke gari mafi kusa, ya kuma ba da lambar da kullum take kunne.

Abin da za a duba a jikin waya

Ga kuskuren da na ce zan faɗa. A tallar an rubuta RAM giga 8, ashe a gefe an sa 4+4. RAM shi ne kamar faifan da waya ke baza aikinta a kai. Ma'ajiya kuwa ita ce rumbun da hotuna da saƙonni ke kwana. Ma'anar 4+4 ita ce giga 4 ne na gaskiya, sauran 4 aro ne daga ma'ajiya, ba su kuwa da saurin na ainihi. Ba su ɓoye ba, ni ne ban karanta ba.

Waya mai RAM giga 2 ko ƙasa da haka galibi tana zuwa da Android Go, wanda Google ya fitar a 2017 don ƙananan wayoyi. Tana isa kira da saƙo, amma takan yi nauyi in an cika ta. Ma'ajiya giga 64 ta fi 32 kwanciyar rai, domin manhajar wayar kanta ta riga ta cinye wani kashi. Batir mai lamba 5,000 mAh ya dace da inda wuta ba ta zama. A tabbata tana ɗaukar 4G. A kuma guji tsohuwar ajiya: tun watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, irin wannan yankewa kuwa takan sake zuwa lokaci lokaci.

Ranar da kaya suka iso, a duba hatimin kwali kafin a buɗe, in da hali wani ya ɗauki bidiyon buɗewar. A kunna wayar a danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito. Dole ta yi daidai da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, wataƙila ta hannu ce aka yi wa kwaskwarima. A gwada caji, da lasifika, da kyamara, da gurbin sim duka biyu a ranar. A adana kwali da rasit, gama garanti, wanda galibi wata 12 ne, ba ya aiki sai da shaidar saye, ba ya kuma ɗaukar fashewar gilashi ko shigar ruwa. Masu Tecno da Itel da Infinix, wurin gyaransu na kamfani shi ne Carlcare.

Yadda ake kai kuka

Wanda ya ɗauki kiranka ma'aikaci ne, abin da kwamfuta ta nuna masa shi yake karanta maka. Zagi ba ya sa mota ta yi sauri. Ka yi magana da ladabi, amma ka tsaya a kan abu uku: lambar oda, ranar da aka yi alkawari, da abin da kake so a yi. Ka nemi lambar ƙorafinka, ka rubuta ranar kira. Bayan kira na biyu, ka koma ga rubutu, domin magana iska ce, rubutu kuwa shaida. Da yake yawancin masu amsa kiran da Turanci suke yi, matasa su taimaki iyayen da ba su ji, su zauna tare da su a yi kiran.

A kula da wa'adin mayar da kaya, wanda a shaguna da yawa kwana 7 ne kacal daga ranar karɓa. Wanda ya ce bari a ga ko za ta gyaru da kanta, yakan farka ƙofa ta rufe.

Doka kuma ba ta bar mai saye a banza ba. A farkon shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar gasar kasuwanci da kare masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992. Dokar ta ba mai saye ikon mayar da kayan da ke da aibi, ko waɗanda suka saɓa da yadda aka siffanta su, hukumar kuma tana karɓar ƙorafi ta intanet. In kuwa banki ya cire kuɗi amma shago ya ce bai gani ba, bankinka za ka fara zuwa da shaidar cirewar. In bai warware ba, sai sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Nijeriya. Lambar 622 ta hukumar NCC kuwa ta kukan layi da sabis ce, ba ta rikicin shago ba.

Kura da fatar akuya

Jinkiri yakan buɗe wa 'yan damfara ƙofa. Mutum ya gaji da jira, ya rubuta kukansa a fili a Facebook, sai wani ya kira shi da murya mai daɗi ya ce daga shagon yake, za a mayar masa da kuɗi yanzu, ya karanto lambar katinsa da lambar sirrin da banki ya turo. Duk wanda ya karanta, ya ba ɓarawo mabuɗin ɗaki. Ba shagon kirki ko banki da zai nemi lambar sirrinka. Haka nan in aka ce ka bar shafin shago ka tura kuɗi asusun wani mutum don a ƙara maka ragi, ka gudu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Inda aka ba da zaɓin biya bayan kaya sun iso, shi ya fi.

Kafin a danna

Ba cewa muke a ƙaurace wa intanet ba. Mutane da yawa sun saya lafiya, sun kuma sami sauƙi. Amma a kwatanta tukuna. A haɗa farashi da kuɗin kawowa, a je a tambaya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko shagunan garinku. In bambancin bai wuce kuɗin mota ba, gani ya kori ji. In kuwa don biki ake so, a yi oda da sauran wata guda a gaba, kada kuma a yi wa tsofaffi alkawarin rana sai kaya sun shiga hannu.

Wayar Inna dai tana nan tana aiki, ran Lahadi da yamma takan ga jikokinta. Amma har yau in na ce mata zan zo jibi, sai ta yi dariya ta ce, "Jibin mutane, ko jibin masu waya?"