Wai Mu Ne Muka Fi Kowa Farin Ciki a Duniya?

Duk shekara idan watan Maris ya kama aka fitar da Rahoton Farin Ciki na Duniya, sai tsohuwar gardama ta tashi a Facebook da gidajen rediyo. Wasu su ce ƙaryar Turawa ce, ai mu ne muka fi kowa farin ciki, an ma taɓa rubutawa. Wasu su ce wane irin farin ciki ga wanda bai ci ya ƙoshi ba? An taɓa rubutawa kuwa. A 2003 mujallar New Scientist ta Ingila ta buga sakamakon wani bincike na ƙasashe fiye da 60, inda 'yan Najeriya suka fi kowa yawan masu cewa suna cikin farin ciki sosai. Amma a rahoton 2024 Najeriya ta zo ta 102 cikin ƙasashe 143, Finland kuwa ta riƙe kambu tun 2018. Tambayoyin ne ba ɗaya ba. Na farko ya tambayi mutum yadda yake ji a ransa. Na biyu cewa yake: ɗauki rayuwarka kamar tsani mai hawa daga 0 zuwa 10, a ina kake tsaye? Mutumin da ya saba amsa gaisuwa da "sai godiya" zai iya cewa yana farin ciki, ya kuma ajiye kansa a mataki na huɗu, duka biyun kuma gaskiya ya faɗa.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan gardama shi ne maganar da masu laccar zaburarwa ke yawo da ita, wai kimiyya ta tabbatar farin ciki zaɓi ne. Har da lissafinsu: kashi 50 gado ne, kashi 40 yana hannunka, kashi 10 kacal ne halin da kake ciki. Lissafin ya fito ne daga wata takarda da Sonja Lyubomirsky da abokan aikinta suka buga a 2005, kuma su da kansu sun dawo daga baya sun ce an ɗauki alƙaluman da zafi fiye da kima. Ko a asali ma magana ce kan abin da ke bambanta mutane a cikin jama'a, akasari a ƙasashe masu wadata, ba rabon rayuwar mutum guda ba. A ɗauko wannan a jefa wa magidancin da aka yi wata uku ba a biya shi albashi ba, a ce masa damuwarsa kashi 10 ce kawai, wannan zalunci ne da sunan ilimi.

Fannin nazarin farin ciki kansa bai tsufa ba. A 1998 Martin Seligman, da ya zama shugaban ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, ya ce sun daɗe suna nazarin cutar zuciya da ƙwaƙwalwa kaɗai, lokaci ya yi da za a nazarci abin da ke sa rayuwa ta yi armashi. Babban abin da masana suka ci karo da shi kuwa, tun ma kafin nan, shi ne sabo.

A 1978 Philip Brickman da abokansa sun tattauna da mutum 22 da suka ci caca ta maƙudan kuɗi a jihar Illinois. Sai aka tarar ba su fi maƙwabtansu farin ciki da wani abin a zo a gani ba, kuma ƙananan abubuwa irin su hira da aboki ko karin kumallo sun rage yi musu daɗi. Duk wanda ya taɓa shiga shagon turare ya san wannan. Kai da ka shigo yanzu ƙamshi ya cika maka hanci, mai shagon kuwa ya daina jin komai tun da hantsi. Turaren bai sauya ba, hancin ne ya saba. Haka sabuwar mota take, haka ƙarin girma a ofis, haka sabon gida. Bayan ɗan lokaci zuciya ta mayar da su abin yau da kullum, ido ya koma kan na gaba.

To amma nan ne ake yanke labarin a tsakiya. Ba kome ake sabawa da shi ba. A wannan binciken na 1978 akwai mutanen da haɗari ya shanye wa jiki, kuma sun nuna farin cikinsu ya yi ƙasa da na sauran, duk da ana ta yaɗa cewa daidai suke da masu kuɗin. Binciken da aka yi shekara da shekaru ana bin dubban mutane a Jamus ya nuna wanda ya rasa aiki ba ya komawa yadda yake gaba ɗaya, ko bayan ya samu wani. A Kenya, Johannes Haushofer da Jeremy Shapiro sun bi diddigin gidajen talakawa da aka ba kuɗi hannu ba tare da sharaɗi ba, sakamakon da suka buga a 2016 ya nuna damuwa ta ragu, gamsuwa da rayuwa ta ƙaru. Ko a Amurka, iyakar dala 75,000 a shekara da Daniel Kahneman da Angus Deaton suka ambata a 2010, cewa daga nan ƙarin kuɗi ba ya ƙara farin ciki, an sake dubanta a 2023, aka ga ga yawancin mutane farin ciki yana ci gaba da ƙaruwa da kuɗi. Kuɗi na aiki, kuma sun fi aiki a hannun wanda ba shi da su.

Idan ciki ya samu, rufin asiri ya tabbata, me ke ɗorewa? Amsa mafi nauyi ta fito ne daga Jami'ar Harvard, inda tun 1938 ake bin rayuwar maza 724, ɗalibai 268 da yaran unguwannin talakawa na Boston 456, yanzu har an gangaro kan 'ya'yansu. Robert Waldinger, mai jagorantar aikin, ya ce yadda mutum ke jin daɗin zamansa da mutanensa yana da shekara 50 ya fi awon kitsen jininsa nuna irin lafiyar da zai samu a shekara 80. Ba yawan mutanen ake nufi ba. Ana iya zama a gida mai mutum 30 kaɗaici na cin mutum. Abin tambaya shi ne ko akwai wanda za ka buga wa ƙofa cikin dare ba tare da jin nauyi ba.

Sauran dabarun da ake tallatawa ƙarfinsu bai kai yadda ake zuzutawa ba. Elizabeth Dunn, wadda a 2008 ta nuna kashe ko dala 5 a kan wani ya fi kashe ta a kan kai faranta rai, ta sake tace irin waɗannan bincike a 2023 tare da Dunigan Folk. Godiya da cuɗanya da mutane sun tsaya da ƙafarsu, wasu da dama kuwa hujjarsu ta yi rauni. Ko waɗanda suka tsaya ɗin ma ɗagawa kaɗan suke yi, ba sa maye gurbin likita ga wanda ciwon damuwa ya kama.

Shi ya sa nake jin ciwo idan na ji mai mulki yana yabon haƙurinmu da fara'armu kamar wani aiki ne da gwamnatinsa ta yi. Zumuncin da ke riƙe da mu shi ma kuɗin mota yake buƙata, da hanyar da za a bi a je gaisuwa a dawo lafiya. Tsada da fargabar hanya sun sa mutane da yawa sun mayar da ziyara saƙon waya. Masu riƙe da madafun iko su biya albashi a kan kari, su tsare hanyoyi, su bar mana batun murmushi. Kai kuma mai karatu, idan akwai ɗan'uwan da ka daɗe ba ka taka gidansa ba alhali kuna gari ɗaya, ka je wannan Juma'ar.