Bangaskiya Ba Gado Ba Ce: Baftismar Masu Bi da Zamanmu da Maƙwabta

Duk shekara idan muka zo darasin baftisma a aji, ba a rasa ɗalibin da zai ce ai bambancinmu da sauran ɗariƙu na ruwa ne kawai: mu muna nitsarwa, waɗansu suna yayyafawa. Nitsarwa tana da muhimmanci, gama Romawa 6:3-4 ta kwatanta baftisma da binnewa da kuma tashi tare da Almasihu. Amma tambayar da ta haifi ɗariƙar Baptist ita ce wa ake yi wa baftisma. Amsarmu ita ce wanda ya ji bishara, ya tuba, ya kuma shaida bangaskiyarsa da bakinsa. Haka aka yi ranar Fentikos a Ayyukan Manzanni 2:41, haka kuma Filibus ya yi da mutumin Habasha a sura ta 8. Yohanna 1:12-13 ta nuna cewa zama ɗan Allah ba ya bin jini, ba ya kuma bin nufin mutum. Uba yakan bar wa ɗansa gona da suna, amma ba ya iya bar masa tuba.

Tarihi ya goyi bayan wannan. A 1609 John Smyth da waɗansu Turawan Ingila da suka yi gudun hijira zuwa Amsterdam suka ƙi baftismar jarirai, suka yi wa junansu baftisma bisa shaidar bangaskiya. Zuba ruwa suka yi a ka. Nitsarwa ba ta kafu a cikin Baptist na Ingila ba sai wajen 1640 da 'yan kai. Ke nan iyayenmu sun fara gane wa ya cancanta kafin su gane yadda ake yi.

Abokin Smyth, wato Thomas Helwys, ya koma Ingila, ya wallafa littafi a 1612, ya aika wa Sarki James da kofe guda. Wannan shi ne sarkin da sunansa yake kan shahararriyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci ta 1611. Helwys ya gaya masa cewa sarki mutum ne kamar kowa, yana da iko a kan al'amuran ƙasa, amma ba shi da iko a kan lamirin talakawansa. Abin da ya kamata mu lura da shi, bai nemi wannan 'yanci domin jama'arsa kaɗai ba. Ya ambaci Yahudawa, ya ambaci waɗanda Turawan lokacin suke kira Turkawa, wato Musulmi. Aka jefa shi a kurkuku, a can ya mutu. Dalilinsa mai sauƙi ne: idan kowa zai ba da lissafin kansa ga Allah, kamar yadda Romawa 14:12 ta koyar, to, ba mai ikon tilasta wa wani ya gaskata.

Wannan koyarwa ta iso ƙasarmu tun zuwan Thomas Jefferson Bowen a 1850, amma a Kaduna ne muka san nauyinta. Rikicin Fabrairu 2000, wanda a cikinsa aka kai hari aka ƙone gine-gine a makarantar tauhidi ta Baptist da ke Kawo, da kuma na Nuwamba 2002, sun sa Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. Kirista da yawa sun koma kudu, su Sabon Tasha da Narayi da Television, Musulmi da yawa kuma sun taho arewa, su Tudun Wada da Rigasa. An yi hasarar rayuka a kowane gefe. Yau akwai matasa a ikkilisiyoyinmu waɗanda ba su san kowa a Rigasa ba, sai dai su bi ta can su hau jirgin ƙasa na Abuja, wanda ya fara aiki a 2016. Duk da haka waɗansu membobinmu suna aiki a can, suna ciniki a can, kaɗan kuma har yanzu a can suke kwana.

Me za mu koya musu? Ba mu ce dukan addinai ɗaya ba ne. Muna riƙe da Yohanna 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12 ba tare da ragi ba, kuma maƙwabcinmu Musulmi mai gaskiya ba zai so mu yi masa ƙaryar cewa ba mu bambanta ba. Amma tun da bangaskiya ba ta samuwa da tilas, hanyar shaidarmu ita ce wadda 1 Bitrus 3:15 ta nuna, wato amsa cikin tawali'u da girmamawa. Ba a sayen mai bi da buhun shinkafa ko kuɗin makaranta. Idan za mu taimaki mayunwaci, mu taimake shi don yana jin yunwa. Fasto kuma da zai hau bagadi ya yi maganar mutanen Rigasa kamar dukansu abokan gaba ne, ya tuna Irmiya 29:7, inda aka umarci 'yan bauta su nemi lafiyar birnin da suke ciki. Mun san akwai ciwo, mu ma mun binne namu. Amma Babila ba ta fi Kaduna sauƙin ƙauna ba.

Haɗari mafi girma yana cikin gida. Bayan rabuwar gari, ikkilisiya takan zama kamar ƙungiyar ƙabila: an haife ka a kudancin kogi, sunanka Bulus, saboda haka kai Kirista ne. Daga nan sai ajin baftisma ya koma al'ada. Yaro ya kai shekara goma sha biyu, ɗan dikin ne, babansa ya matsa, sai a sa shi a ruwa. Budurwa tana son katin baftisma don ɗaurin aure ya matso, sai a gaggauta. Idan muka yi haka, baftismar jarirai muke yi, mun dai jinkirta ta ne kawai. Mai hidima ya zauna da kowane ɗan aji shi kaɗai, ya ji daga bakinsa abin da ya gane game da zunubi da gicciye. Idan bai shirya ba, a ce masa ya dakata, ko da ran iyayensa zai ɓaci. Wannan ya haɗa da 'ya'yanmu mu fastoci, kuma a nan ne yawancinmu mukan kasa.

Sai kuma wanda ya fito daga gidan Musulmi ya ce yana son baftisma. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi 'yancin canja addini, kamar yadda ya ba ɗan Kirista da ya zaɓi Musulunci, ko da yake wannan gefen yakan yi mana ɗaci. Kada a yi gaggawa. A tabbatar ya balaga, ba wanda ya yi masa alkawarin aiki ko aure, ya kuma san abin da zai iya rasawa. A koya masa ya ci gaba da girmama iyayensa da taimakonsu. Baftisma shaida ce a gaban ikkilisiya, amma Nassi bai ce sai an tara ɗari biyar ba. Filibus da mutumin Habasha a bakin hanyar hamada suka yi tasu. Fasto da dikinoni da waɗansu amintattu sun isa. A kuma roƙi matasa su ajiye wayoyinsu, domin hoton da aka sa a Facebook da rana yakan isa gidan iyayensa kafin magariba.