Alaƙar mahaukaciyar guguwar teku da ambaliyar Garwa

Mahaukaciyar guguwa kan yi ɓarna har a wuraren da ke nesa da teku, domin tana ɗauko danshi daga ruwan teku mai ɗumi ta juye shi a kan tudu. Haka guguwar Idai ta yi a gabashin Zimbabuwe a watan Maris na 2019.

Irin wannan guguwa ba ta isowa arewacin Kamaru, amma tushensu ɗaya da ruwan da ke cika kogin Binuwai. Da damina, gungun hadari kan ratsa yankin daga gabas zuwa yamma duk bayan kwana 3 zuwa 5. Wasu daga ciki, idan suka faɗa tekun Atlantika, su ne ke rikiɗa su zama guguwar da ke afka wa Amurka.

A watannin Agusta da Satumba ƙasa ta riga ta ƙoshi, sai ruwan ya kwarara cikin Binuwai da Mayo Kebbi, waɗanda ke haɗuwa kafin Garwa. A 2012 madatsar Lagdo ta cika har aka buɗe ƙofofinta, ruwa ya cinye gidaje da gonaki, ya gangara Yola da Makurdi.