Amalanke ko Tirela: Yadda Za Ku Zaɓi Abin Ɗaukar Kayan Gona

Aikin gona ba ya ƙarewa ranar girbi. Sai amfanin ya iso gida ko kasuwa kafin manomi ya ce ya samu. A Kimba da ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama, kayan da ake ɗauka daga gona suna da yawa: buhunan shinkafa da gero, albasa, damin harawa, kara da bambaro. Tun daga Nuwamba 2015, lokacin da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, injuna sun ƙaru a fadama, kamar injin ban ruwa, injin huɗa na hannu da injin casa. Su ma sai an ɗauke su daga gona zuwa gona. Bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023, kuɗin hayar mota da babur ya tashi sosai, shi ya sa iyalai da ƙungiyoyi da dama suke tunanin mallakar abin ɗaukar kaya na kansu.

Wannan saye ne mai cin kuɗi. Idan aka yi kuskure, ana iya rasa jarin shekara guda, ko a ji wa dabba ciwo, ko ma a rasa rai. Kafin ku je wurin mai walda, ku san kayan da za ku riƙa ɗauka da hanyar da za ku riƙa bi. Su ne za su nuna muku abin da ya dace.

Kaya iri biyu ne

Akwai kaya masu girma marasa nauyi, kamar harawa, kara da bambaro. Suna cin wuri, saboda haka suna bukatar faffaɗan bayan amalanke da sanduna a gefe. Hatsarinsu shi ne tsawo. Idan aka jibge su sama sosai, ƙaramin rami ko iska mai ƙarfi na iya kifar da amalanken.

Akwai kuma kaya masu nauyi da ba su cin wuri, kamar injin casa, injin niƙa ko injin huɗa. Dukan nauyinsu yana taruwa a wuri ɗaya. Suna bukatar daɓe mai ƙarfi wanda bai yi nisa da ƙasa ba, da wuraren ɗaure sarƙa. Katakon da ya ɗauki damin harawa ɗari lafiya yana iya karyewa a ƙarƙashin ƙafar inji guda.

Buhuna suna tsakiya. Ku yi lissafi da buhu mai kilo 100: buhu 10 shi ne tan ɗaya.

Me kowanne zai iya ɗauka?

• Amalanken jaki: kilo 300 zuwa 500 a kan hanya mai kyau. Ya dace da ruwa, taki, injin ban ruwa da 'yan buhuna. Ya fi sauƙin kuɗi, mata da matasa kuma suna iya sarrafa shi.

• Amalanken shanu: kimanin tan ɗaya, idan bijimai biyu ne masu lafiya, tayoyin kuma na roba ne masu iska. Shanun da suka yi huɗa da damina su ne za su ja shi da rani.

• Ƙaramar tirelar injin huɗa na hannu: rabin tan zuwa tan ɗaya. Ta fi shanu sauri, amma tana shan mai.

• Tirelar tarakta: yawanci tan 3 zuwa 5. Ba ta da amfani idan babu taraktar da za ku samu a lokacin da kuke bukata. Da kaka kowa yana neman tarakta a mako ɗaya.

Ku duba hanyarku

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega zuwa Koko da Yawuri mai kwalta ce, amma yawancin gonaki ba a bakinta suke ba. A fadamar gulbin Zamfara akwai laka, a tudu kuma akwai yashi. Sa yana iya yini yana ja da ƙarfin da ya kai kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa. A kan hanya mai tauri wannan ƙarfi ya isa ya ja tan ɗaya, amma a cikin yashi ko laka tayoyi suna nutsewa, aikin ya ninka. A irin wannan hanya ku rage kaya zuwa rabi. Sawu biyu cikin kwanciyar hankali ya fi sawu ɗaya da zai karya aksul.

Ku auna faɗin burtali da ƙofar gida tukuna. Babbar tirela da ba za ta iya shiga gona ba asara ce.

Ƙafa biyu ko ƙafa huɗu?

Mai ƙafa biyu ta fi araha, ta fi sauƙin juyawa a ƙuntataccen wuri. Amma wani ɓangare na nauyin kaya yana sauka a wuyan shanu ko a bayan tarakta. Idan kaya suka yi gaba da yawa, karkiya za ta danne wuyan dabba har ya yi miki. Idan suka yi baya, sandar ja za ta ɗaga sama ta shaƙe su. Ku ɗora mafi nauyi a kan aksul, ya ɗan rinjaya gaba kaɗan.

Mai ƙafa huɗu tana ɗauke da nauyinta da kanta, ba ta rinjaya gaba ko baya. Ta fi dacewa da manyan injuna da dogayen kaya. Sai dai ta fi tsada, tana bukatar fili wajen juyawa, komawa baya da ita kuma sai gwani.

Abin da za ku duba kafin ku biya

• Aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyi biyu. Masu walda sukan yi amfani da na tsofaffin motoci. Ku tabbata bai lanƙwashe ba, ba a kuma yi masa walda a tsakiya ba.

• Boris. Ku ɗaga taya ku juya ta da hannu. Idan tana ƙara ko tana girgiza, boris ya mutu.

• Tayoyi. Ku zaɓi girman da ake samu cikin sauƙi a kasuwar Jega, wanda mai faci na kusa da ku ya saba da shi. Taya mai faɗi ta fi tafiya a yashi.

• Walda. Ku duba inda sandar ja ta haɗu da jikin amalanke, nan ne ya fi karyewa. Sabon fenti yakan ɓoye tsatsa da tsagewa.

• Birki. Duk tirelar da za ta ɗauki tan biyu ko fiye tana bukatar birki nata, musamman a gangara. Ga amalanke, a riƙa tafiya da guntun itace na tare taya.

• Alamar dare. Ku manna abin da ke ƙyalli a baya da gefe. Direban babbar mota ba ya ganin amalanke cikin duhu sai ya zo dab da shi.

Araha ba ta ado. Ku roƙi mai sayarwa ya bari ku gwada da kaya kafin ku cika kuɗi.

Ɗora inji lafiya

Ku kwance shanu kafin ku fara, ku tokare gaba da bayan amalanke da itace, ku tare tayoyi. Ku sa katako biyu masu kauri a matsayin matakala, tsawonsu ya kai ninki uku ko huɗu na tsawon amalanke daga ƙasa. Kada kowa ya tsaya a bayan inji yayin da ake tura shi sama. Ku rufe famfon mai, ku ɗaure inji ta kusurwa huɗu da sarƙa ko sabuwar igiya. Bayan kun ɗan yi tafiya ku tsaya ku sake ɗaurewa.

Idan tarakta ce, a maƙala tirela a ƙarfen ja na ƙasa kawai, da ƙusa mai makulli. Maƙalawa a sama da aksul na iya sa tarakta ta tashi ta faɗo baya a kan direba. Kada a bar yara su hau kan kaya ko kan sandar ja. A kula da wayoyin lantarki, kada kuma a sha taba kusa da busasshiyar harawa.

Mallakar haɗin gwiwa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar mata, ƙungiyar matasa ko 'yan adashi suna iya haɗa kuɗi su sayi amalanke guda. Domin kada ya jawo saɓani, ku rubuta yarjejeniya tun farko: wa zai ajiye shi, wa zai ciyar da dabbobi, nawa ne kuɗin sawu ga ɗan ƙungiya da ga na waje, da yadda za a bi layi lokacin girbi. Ku ware wani kaso daga kowane sawu domin taya, giris da faci. Ku tuna da gwauraye da tsofaffi waɗanda amfaninsu yakan daɗe a gona don rashin mai ɗauko musu. Ku ajiye amalanke a inuwa, domin rana tana tsattsage taya, ruwa kuma yana ruɓar da katako.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne kaya ne muka fi ɗauka a shekara, kuma a wane wata?

2. Nawa muka kashe a kan haya bara? Sawu nawa ne zai mayar da kuɗin amalanke?

3. Wane wuri ne ya fi muni a hanyar gonakinmu, kuma za mu iya gyara shi da aikin gayya kafin girbi?