Wuƙar da ba ta tsatsa da yadda ake ba ta ruwa

A tsohuwar Alƙahira, kusa da masallacin Sultan Hasan, akwai titin da har yau ake kira Suƙ al-Silah, tun zamanin Mamluk da ake cinikin takubba a wurin. Ƙarfen da aka yi waɗancan takubba da shi dangi ne na wanda maƙeran Kano ke yankowa daga sifirin mota su ƙera wuƙar layya. Ƙarfe ne mai kaifi, mai sauƙin wasawa, sai dai da ya kwana da jini ko ruwan lemon tsami, tsatsa ta kama shi. Shi ya sa masu sha'awar ƙera wuƙa a gida, a Masar da wajenta, ke komawa ƙarfe mara tsatsa. Amma wannan ƙarfen yana da sharuɗɗa, kuma mafi wuyarsu ban ruwa.

Da farko a san ƙarfen. Harry Brearley ne ya fito da shi a Shefil ta Ingila a 1913, kuma sirrinsa sinadarin kuromiyam, wanda bai kamata ya gaza kashi 10.5 cikin ɗari ba. Ba kowane mara tsatsa ke yin wuƙa ba. Irin na cokali da tukunya, mai lamba 304, ko an kwana ana gasa shi ba zai taurare ba, don kabon ɗinsa kaɗan ne. Na wuƙa su ne irin 420 da 440C da AEB-L. Mayen ƙarfe yana kama waɗannan, galibi ba ya kama 304, amma wannan gwajin somin-taɓi ne kawai. A sayi ƙarfen da aka tabbatar da lambarsa, a rubuta lambar a ajiye.

To me ya hana a ba shi ruwa a maƙera? Ƙarfen sifirin mota yana buƙatar zafin da ya ɗan haura digiri 800. Maƙeri yana gane wannan da launin ƙarfen, ko kuma ya gwada da mayen ƙarfe, wanda ke daina kamawa a wajen digiri 770, sannan ya tsoma a mai. Mara tsatsa kuwa sai ya kai tsakanin digiri 1,040 da 1,080, kuma a riƙe shi a nan na minti 10 zuwa 30, gwargwadon irinsa, domin kuromiyam da kabon su narke su gauraya a jikin ƙarfen. Gawayi da zuga-zugi suna iya kai wannan zafin, har su wuce. Abin da ba za su iya ba shi ne tsayawa cak a kansa. In zafin ya gaza, wuƙa ta fito da laushi, ta riƙa dakushewa. In ya zarce, ƙwayoyin ƙarfen su yi girma, bakin ya riƙa ɓantarewa. A wannan zafin kuma iska tana cinye kabon ɗin saman ƙarfen, don haka ake naɗe wuƙar cikin siririn fallen ƙarfe a liƙe, ko a sa ta a tanderun da aka zuƙe wa iska.

Don haka a raba aikin biyu. Na mai wuƙa shi ne ya yanke siffa, ya fitar da baki da magagari ko injin gurza, ya huda ramukan ƙota tun ƙarfen yana da taushi, domin bayan ban ruwa da ƙyar zai hudu. Kada a wasa bakin. A bar masa kaurin kamar rabin milimita, in ba haka ba zai karkace a wuta. Sauran na mai tanderun lantarki ne. Shi zai gasa, ya sanyaya tsakanin faranti biyu na alminiyam, wani lokaci ya ƙara tsoma ta a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, sannan ya sake ɗumamawa a digiri 150 zuwa 200, sau biyu, awa biyu-biyu, don rage gautsi. Daga nan ya auna tauri da ma'aunin Rockwell. Wuƙar girki mai kyau tana faɗawa tsakanin 58 da 61.

Mazaunin Alƙahira bai rasa inda zai tambaya ba. Akwai masana'antun garuruwan 10 ga Ramadan da 6 ga Oktoba, kuma a Tabbin, kudu da Helwan, akwai babbar cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasar. Mutumin Kano ko Zariya sai ya fara da sassan injiniya na jami'o'i da masu yi wa masana'antu kayan gyara. A ganina babu kasawa a miƙa wannan matakin ga wani. Asarar ita ce a ɓata mako ana gurza ƙarfe mai tsada, a ƙona shi cikin minti biyar.

In wuƙar ta dawo, a gurje bakin a hankali ana tsomawa a ruwa, domin zafin gurza yana warware taurin da aka biya kuɗi aka samu. Kuma kafin ka miƙa wa mai tanderu, ka tambaye shi ko ya taɓa aiki da lambar ƙarfenka, da kuma ko yana da ma'aunin tauri. In ya ce babu, nemi wani.