Tsokar da Likita Ya Cire: Wa Ke Duba Ta, Ina Kuma Ya Koyi Aikin?

In an taɓa yi muku aiki a asibiti aka cire ƙari, ko aka gutsuri 'yar tsoka daga ƙullutu a nono ko a wuya, wataƙila kun ga nas ta sa abin cikin kwalba mai ruwa, ta rubuta suna a jikinta. Sai aka ce ku dawo bayan 'yan makonni ku karɓi sakamako. Mutane da yawa ba sa dawowa. Wasu suna ganin tunda an cire ciwon, magana ta ƙare. Wasu kuwa akwai zargi a ransu: ina ake kai naman jikin mutum, me kuma za a yi da shi? Tambayar tana kan hanya, kuma haƙƙinku ne ku ji amsarta.

Ido da hannu ba sa iya faɗin ko wane irin ƙari ne, ko da idon babban likita ne. Kaluluwa a wuya tana iya zama tarin fuka, wanda ake warkarwa da ƙwayoyi na wata shida, kyauta. Tana iya zama sankara, wadda maganinta daban ne ƙwarai. Daga waje kamanninsu ɗaya. Sai an duba tsokar a ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin a bambanta su. Mai wannan dubawa likita ne na musamman, likitan binciken tsoka. Yakan yi shekara shida a makarantar likitoci, ya yi aiki, sa'an nan ya ƙara aƙalla shekara uku yana koyon wannan fanni kaɗai. Irinsu kaɗan ne a Gana, yawancinsu kuma suna manyan asibitocin koyarwa, kamar Korle Bu a Ankara, Komfo Anokye a Kumasi, da na Tamale. Shi ya sa kwalbar da ta tashi daga Navrongo, ko Bawku, ko Yendi, ko Salaga, sai ta hau mota zuwa Tamale, wani lokaci ma ta wuce kudu. Daga Navrongo zuwa Tamale kaɗai kusan kilomita 190 ne.

Amma kafin tsoka ta isa gaban wannan likita, sai ta bi ta hannun wani ma'aikaci wanda majiyyaci bai taɓa ganin fuskarsa ba. Shi ne mataimakin likitan binciken tsoka, kuma a kansa nake so mu daɗe.

Ruwan da ke cikin kwalbar sunansa fomalin. Aikinsa ya hana tsokar ruɓewa, ya kuma ƙarfafa ta. Dole ruwan ya ninka tsokar yawa kamar sau goma, a kuma sa ta ciki ba da ɓata lokaci ba, gama a zafin ƙasarmu nama ba ya jira. Da kwalba ta iso, mataimakin yakan fara gwada sunan da ke jikinta da na takarda. In sun saɓa, ba zai taɓa ta ba sai an warware. Daga nan ya fitar da tsokar, ya auna tsawonta da faɗinta da nauyinta, ya rubuta launinta da taurinta. In ƙari ne babba, yakan shafa wa gefunansa tawada ta musamman, domin likita ya gane daga baya ko wuƙa ta kwashe ciwon duka, ko ta bar saura a jikin mai shi.

Sa'an nan ya zo wurin da ya fi wuya. A ce an cire nono gaba ɗaya, ko mahaifa. Ba shi yiwuwa a sa dukansa a ƙarƙashin madubi. Sai ya yanka shi salo-salo, ya duba, ya lalluba da yatsa, ya zaɓi ƙananan yanki waɗanda kaurinsu bai wuce milimita uku ko huɗu ba. Yakan ɗauka daga tsakiyar ƙarin, da gefensa, da inda ya haɗu da lafiyayyen nama. Yakan kuma nemo 'yan kaluluwa da ke ɓoye cikin kitse, wasunsu ba su fi ƙwayar dawa girma ba, ya ƙirga su ɗaya-ɗaya. Kun san mai sayen hatsi a kasuwa ba ya juye buhu duka. Yakan ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa. In ya ɗebo daga wuri ɗaya kawai, an cuce shi. Haka nan ma, abin da mataimaki bai zaɓa ba, likita ba zai gan shi ba har abada. A ganina, babu inda kuskure ya fi tsada a dukan tafiyar kwalbar kamar wannan tebur.

Sauran aikin na na'ura ne da haƙuri. Ana tsotse ruwan tsokar, a zuba ta cikin narkakken kaki irin na kyandir, in ya daskare a fere shi da wata wuƙa mai kaifi ƙwarai. Kowane fere ya fi gashin kai siranta fiye da sau goma. A ɗora shi kan gilashi, a rina shi da rini biyu, mai shuɗi da mai ja-ja, sa'an nan a kai wa likita. Likitan ne kaɗai ke faɗin sunan cutar, ya sa hannu. Mataimaki ba ya yanke wannan hukunci. In kun haɗa kwanakin nan da tafiyar mota da layin kwalaben da ke jira daga garuruwa da yawa, za ku gane dalilin da ya sa sakamako ba ya fita rana ɗaya kamar gwajin zazzaɓin cizon sauro.

To, ina ake koyon wannan aiki? A Amurka da Kanada sana'a ce mai zaman kanta. An fara koyar da ita a Jami'ar Duke ta Amurka a shekarar 1969. Mai son shiga sai ya fara gama digiri na farko a fannin kimiyya, sa'an nan ya ƙara shekara biyu don digiri na biyu. Shekarar farko a aji take, ana koyon yadda jikin mutum yake gaɓa-gaɓa da yadda cututtuka ke sāke kamannin tsoka. Shekara ta biyu a asibiti take, yana yanka da aunawa a gaban gwanaye, yana kuma taimakawa wajen binciken gawa in ana neman sanadin mutuwa. A ƙarshe ya rubuta jarrabawar samun shaida.

A nan Gana, likitocin binciken tsoka da masana ɗakin gwaje-gwaje su ne ke raba wannan aiki a tsakaninsu, saboda haka ƙofar da ke buɗe wa ɗanmu ko 'yarmu ita ce karatun kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje. Tun daga sakandare ake ɗora harsashi. Yaron da ke babbar sakandaren Navrongo, ko ta Bawku, ko Yendi, ko Salaga, sai ya zaɓi ajin kimiyya, ya ci jarrabawar ƙarshe da kyau, musamman ilimin halittu da na haɗa sinadarai da lissafi. Daga nan ya nemi jami'a. Ana koyar da wannan fanni a Jami'ar Gana, da Jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi, da ta Cape Coast, da kuma Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke Tamale, wadda ta fi kusa da mu. Digirin farko shekara huɗu ne a bisa al'ada, a Tamale kuwa akwai tsarin shekara shida. Bayan haka sai shekarar koyon aiki a asibiti, da lasisi daga hukumar da dokar shekarar 2013 ta ɗora wa kula da irin waɗannan ma'aikatan lafiya. Wanda ya zaɓi sashen tsoka, can zai ci gaba da koyo a gefen likita, yana iya kuma ƙara digiri na biyu.

Ba kowane yaro ne aikin zai dace da shi ba. Fomalin yana da wari mai yaji, yana sa ido hawaye, dole a yi aiki da safar hannu a ɗaki mai iska. Mai gaggawa ba zai iya ba, mai ƙyama ma haka. Ba kuma aiki ne da ake samun godiya a kansa ba, tunda majiyyaci bai san da kai ba. Iyaye sukan ce mini ɗansu likita zai zama ko nas, kamar a asibiti babu wani aiki sai waɗannan biyu. In kuna da yarinya mai natsuwa, mai hannu, wadda in ta tsince shinkafa ba a samun tsakuwa, ku ambata mata wannan hanya.

Game da zargin nan kuwa, tsokarku tana da lamba, ana rubuta shigarta da fitarta. Ƙananan yankin da aka sa cikin kaki ana ajiye su shekaru, domin in ciwon ya dawo a sāke dubawa. In an yanke gaɓa, kamar ƙafa, kuna kuma so ku binne ta bisa ga addininku ko al'adarku, ku faɗa wa likita tun kafin aiki, a shirya yadda za ku karɓa bayan an ɗauki abin da za a duba. Amma kada ku tafi da ƙari gida ku binne ba a bincika shi ba. Ya tafi ke nan da amsar da za ta nuna maganinku.

In an ba ɗan'uwanku kwalbar ya kai da kansa, ya duba sunan da ke jiki daidai ne, murfin ya rufu sosai, ruwan kuma ya shanye kan tsokar. Kada a zubar da ruwan, kada a ƙara wani, kada a sa ta cikin ƙanƙara, kada kuma ta kwana biyu a gida ana jiran ranar kasuwa. Ku tambayi kuɗin gwajin tun da wuri, da ko katin inshorar lafiya ya ɗauke muku. Kafin ku bar asibiti, ku sa a rubuta muku ranar dawowa a katinku, ku bar lambar waya mai aiki. In ranar ta zo aka ce sakamako bai iso ba, ku nemi a ba ku wata rana, ku sāke zuwa, ko da mikin ya warke sarai.